ZAKI MAI CIN MUTUM, DA DARASIN DA KE CIKI GA MANOMAN BAKIN TAFKIN KAINJI

'Yan'uwa manoma, kowane yaro a ƙasar Yawuri da Ngaski da Shanga ya san zaki a tatsuniya, ya san kirarinsa na manyan dawa, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa jin rurinsa da kunnensu. Saboda haka wani zai ce, ina ruwan mai noman shinkafa da albasa da labarin zaki? Amsar ita ce, a ƙasashen da zaki ya yi ta kashe mutane, yawancin waɗanda ya kashe talakawa ne irinmu, mutanen ƙauye masu tsaron gonarsu da dare. Masana sun bi diddigin yadda abin ya faru, sun gano dalilansa. Waɗannan dalilai kuwa su ne suke haɗa mu da dorina a bakin kogin Kwara. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

INA ZAKOKINMU SUKE?

A zamanin kakanni zaki yana ko'ina cikin dazuzzukan Arewa. Yanzu ya kusa ƙarewa. Cikin 2014 masana suka fitar da sakamakon binciken da suka yi shekara da shekaru a Afirka ta Yamma, suka ce zakokin da suka rage duka ba su wuce kamar 400 ba, a wurare huɗu kaɗai. Akwai gandun dajin Niokolo-Koba a Sanagal. Akwai babban dajin da ya haɗa Jamhuriyar Benin da Burkina Faso da Nijar, inda mafi yawansu suke. Sauran biyun a Nijeriya suke, watau Yankari ta Jihar Bauci, da gandun dajin tafkin Kainji da ke maƙwabtaka da mu. A lokacin an ƙiyasta na Kainji kamar 30 ne.

An kafa gandun dajin Kainji cikin 1979, aka haɗa dajin Borgu da na Zugurma, faɗinsu duka ya kai murabba'in kilomita 5,340. Borgu yana yamma da tafki, kogin Oli ya ratsa shi, Zugurma kuwa yana gabas. Doka ta hana farauta da kiwo da sarar itace a ciki. Tun 1985 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar kare namun dajin da suke neman ƙarewa, zaki yana cikinsu. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun shiga dajin, abin da ya sa aikin malaman daji ya yi wuya ƙwarai.

ZAKOKI BIYU NA TSABO

Labarin da ya fi shahara a duniya ya faru a Kenya cikin 1898. Turawan Ingila suna shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Mombasa zuwa Uganda, suka kawo dubban leburori daga Indiya. Da aiki ya kai kogin Tsabo, inda za a gina gada, sai waɗansu zakoki maza biyu marasa geza suka fara shiga sansani da dare suna jan mutane daga cikin tanti. An kewaye sansani da ƙaya, an hura wuta, duk bai hana ba. Aka yi wata tara ana haka, har leburori da yawa suka gudu, aiki ya tsaya. Injiniyan gadar, John Henry Patterson, shi ne ya harbe su cikin Disamba ta shekarar, ɗaya ran 9 ga wata, ɗaya ran 29.

Patterson ya ce sun kashe mutum 135. Amma fatunsu da ƙoƙon kansu suna ajiye a wani gidan tarihi a birnin Shikago ta Amurka, kuma cikin 2009 masana suka gwada gashinsu da ƙashinsu, suka ce mutanen da suka ci kamar 35 ne. An kuma ga ɗaya daga cikinsu yana da karyayyen fiƙa wadda ta ruɓe daga tushe. Zaki mai irin wannan ciwo ba ya jin daɗin kama ɓauna. Ban da haka, 'yan shekaru kafin nan ciwon bushiya ya ratsa Afirka, ya kashe shanu da ɓauna ba iyaka. Shi ne ciwon da ya ƙarar da garkunan Fulani a ƙasarmu wajen 1890, ya kuma sake dawowa cikin 1983. Da abincin zaki ya ragu a daji, sai ya nemi wanda ya fi sauƙi.

Irin wannan ya sake faruwa a Njombe, kudancin Tanganyika, daga 1932 zuwa 1947. Gwamnatin mulkin mallaka ta sa aka yi ta harbin namun daji don a tare bushiya kada ta wuce kudu. Zakoki suka rasa abinci, suka juya kan ƙauyuka, suka kashe ɗaruruwan mutane kafin wani malamin daji, George Rushby, ya gama da su.

MANOMAN TANZANIYA

Wanda ya fi kama da zamanmu shi ne na Tanzaniya. Cikin 2005 wani masani, Craig Packer, da abokan aikinsa suka tattara lissafi, suka tarar daga 1990 zuwa 2004 zakoki sun kashe mutum 563, sun ji wa 308 rauni. Abin ya fi tsanani a gundumomin Rufiji da Lindi, kudancin ƙasar.

Da suka duba lokacin da ake kai harin, sai suka ga kusan kashi 39 cikin ɗari a lokacin kaka ne, wanda a can yake faɗowa daga Maris zuwa Mayu. Fiye da kashi 27 cikin ɗari kuma a gona aka kama su. Ga yadda abin yake. Aladen daji yana shiga gonakin shinkafa da masara da rogo da dare, yana iya lalata wahalar shekara cikin kwana kaɗan. Manomi ba shi da wata dabara sai ya kafa 'yar bukka a gona ya kwana yana kora. Zaki kuwa ya rasa sauran namun daji, saboda mutane sun ƙaru daga miliyan 23 cikin 1988 zuwa kusan miliyan 35 cikin 2002, an sare daji, an farauce abin da ke ciki. Aladen nan ya zama abincinsa, ya biyo shi har gona. A nan sai ya tarar da mutum kwance shi kaɗai cikin bukkar ciyawa. In ya ɗanɗana sau ɗaya ya ga babu wahala, sai ya bi mutane har gida. An kama waɗansu a hanyar bayan gida da dare, an kama mata a bakin murhu da almuru, an kama yara suna wasa a ƙofar gida. Kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda abin ya shafa yara ne da ba su kai shekara goma ba.

Cikin 2011 masanan suka ƙara gano wani abu wanda kowane manomi zai gane. Zaki ba ya samun sa'ar farauta da farin wata, domin dabbobi suna hangensa. Saboda haka yakan sha yunwa kafin wata ya cika. Bayan daren sha huɗu kuma wata yakan yi ta makara wajen fitowa, kowane dare yana ƙara kusan sa'a guda. Sai a sami duhu tun daga magariba, lokacin da mutane ba su shiga ɗaki ba tukuna, ga kuma zaki da yunwa. An tarar yawancin hare-haren tsakanin faɗuwar rana da ƙarfe goma na dare ne, kuma sun fi yawa cikin kwana goman da ke bin cikar wata.

Ruwa ba ya tsami banza. Zaki a ɗabi'arsa yana gudun mutum. Abin da ke juyo da shi shi ne ƙarewar abincinsa a daji, ko rauni na tarko da harsashi da ciwon haƙori, ko kuwa mutum ya kai kansa inda yake a lokacin da bai kamata ba.

KADA TSORO YA HAIFI ZUNUBI

Akwai wata masifa da takan biyo bayan irin wannan. A Njombe mutane da yawa sun gaskata cewa wani boka ne yake aiko da zakokin, har suna tsoron faɗa wa hukuma abin da suka sani, kisa kuwa ya yi ta ci gaba. A gundumar Muidumbe, arewacin Mozambik, cikin 2002 da 2003, zakoki sun kashe mutane da dama, jama'a suka ce waɗansu maƙwabtansu ne suke ƙera zakin sihiri. Aka taru aka kashe fiye da mutum goma da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mu ma a nan mun san zancen mai rikiɗa ya zama kura, ko maye ya shiga jikin kada. 'Yan'uwa, idan dabba ta kashe mutum a ƙauyenmu, aikin mai bi shi ne ya yi wa iyalin ta'aziyya, ya kai rahoto, ya kuma tsaya tsakani kada a ɗora wa wata tsohuwa ko wani baƙo jinin da bai zubar ba.

NAMU ABIN TSORON: DORINA

Dorina ba ta cin nama, ciyawa take ci, amma tana cikin dabbobin da suka fi kashe mutane a Afirka. Babban namiji yakan kai kilo 1,500 ko fiye. Takan wuni cikin ruwa, da dare ta fito kiwo, ta ci kamar kilo 40 na ciyawa kafin gari ya waye. Tana iya nutsewa minti biyar, a tudu kuma mutum ba ya tsere mata.

Mutanen wannan kogi sun daɗe da saninta. Sarkawa sun gāji farautarta da zago, masu ba da tarihin bikin Rigata na Yawuri kuma sukan danganta asalinsa da jarumtar Gungawa a kan ruwa, har da farautar dorina. Amma zama ya sāke. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji cikin 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutum fiye da 40,000 aka sāke musu matsuguni. Tun daga nan jama'a suna ta ƙaruwa. Duk inda ruwa ya janye ya bar danshi, mun sa garma, mun shuka shinkafa da albasa har bakin gaɓa. Wurin nan kuwa shi ne makiyayar dorina. In ta fito ta tarar da shinkafa a inda ta saba samun ciyawa, shinkafar za ta ci.

Cikin Satumba 2024 wata dorina ta kashe wani masunci mai yi wa Mai Martaba Sarkin Yawuri aiki. Manoman shinkafa da masunta suka shiga tsoro, waɗansu suka daina zuwa gonakinsu na bakin ruwa. Gwamnatin Jihar Kebbi ta ba da umurni a kashe ta. Samari suka yi makonni suna binta, cikin Oktoba suka kashe ta da zago, ita da ɗanta, aka raba naman. A Nijar ma, cikin Nuwamba 2014, wata dorina ta kifar da jirgi kusa da Yamai, mutum 13 suka mutu, 12 daga cikinsu 'yan makaranta ne.

Ku lura, dorinar Yawuri tana da ɗa. Babu dabbar da ta fi uwa mai goyo faɗa. Ku lura kuma da yadda labarin ya yi daidai da na Tanzaniya: gona ta shiga makiyayar dabba, manomi ya fita tsaro da dare, suka gamu cikin duhu.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yawancin dabarun nan sun fi ƙarfin mutum guda, amma ba su fi ƙarfin ƙungiyar gama kai ba.

1. A haɗa gonaki wuri ɗaya. Gonaki goma a jere sun fi sauƙin tsaro da gonaki goma a warwatse. A tsara kwanan tsaro bi da bi, mutum uku ko huɗu kowane dare, da tocila mai ƙarfi da gwangwani ko ganga. Kada kowa ya kwana a gona shi kaɗai. Kada a aiki yaro tsaron dare ko kaɗan.

2. A bar wa dorina rabonta. Ku zaga da sassafe ku ga sawunta, domin hanya ɗaya take bi kullum daga ruwa zuwa kiwo. Kada a yi shuka ko a kafa bukka a kan wannan hanya. A bar fili na ciyawa tsakanin gaɓa da gonar farko. Wannan ciyawa kuma tana riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta.

3. A haƙa rami. Dorina ba ta iya tsalle. Rami mai zurfi, mai miƙaƙƙen gefe, a gefen gonaki ta wajen ruwa, yakan tare ta. Aikin gayya ne na 'yan kwanaki da rani, sai dai a riƙa gyara shi bayan kowace damina.

4. Masunta su kiyaye. A san gurbin da dorina take kwanciya, a sanar da juna, a kauce masa, musamman da asuba da almuru. A riƙa buga gefen jirgi da filafili don ta ji zuwanku kada ku firgita ta. In ta wangame baki, kada ku ce hamma take yi, gargaɗi ne. A tudu kuwa kada ka taɓa shiga tsakaninta da ruwa, gama can za ta nufa a guje, duk abin da ke gabanta za ta take shi. Ƙungiya ta sayi rigunan ruwa daga asusunta, domin da yawa waɗanda dorina ta kifar wa jirgi ruwa ne yake cinye su.

5. A gyara shingen dabbobi. Masai na Tanzaniya suna dasa itacen dashi kewaye da garke, su ɗaura waya mai raga a jikinsa. Dashi kuwa mun san shi, reshe ake yanka a kafa da rani, ya kama. An bi irin waɗannan shingaye shekara goma, aka tarar kusan babu wanda zaki ya keta. Shingen da ya tare zaki zai tare kura. A Kenya wani yaro makiyayi, Richard Turere, ya jera fitilu masu walƙiya kewaye da garken ubansa, zaki ya zaci mutum ne yake yawo da tocila, ya daina zuwa. A Botswana kuma an zana idanu biyu a gindin shanu 683, cikin shekara huɗu zaki bai kama ko ɗaya ba, alhali an kashe 15 cikin 835 da ba a yi wa zane ba. Zaki mai kwanton ɓauna ne, in ya ga kamar an gan shi sai ya fasa.

6. A haƙa salga cikin gida, a kewaye ta. A ɗebo ruwa da itace tun rana tana sama. A share ciyawa mai tsawo kewaye da gida da rijiya da makaranta. A binne mushe da zurfi, kada warinsa ya jawo kura.

7. In Allah ya sa ka gamu da zaki ko damisa, kada ka gudu, kada ka ba shi baya, gama gudu ne yake tsokano shi. Ka ɗauki yaro in kana tare da shi, ku matsu wuri ɗaya, ka ɗaga hannu da sanda, ka yi tsawa, ka riƙa ja da baya sannu a hankali kana kallonsa.

8. Magatakardan ƙungiya ya ajiye littafi. A rubuta ranar da dabba ta yi ɓarna, da wurin, da yawan abin da ta lalata. A kai wa mai gari da hakimi da malamin gona na Ƙaramar Hukuma tun abin bai kai ga rai ba. Hukuma ta fi saurin jin kukan ƙungiya mai takarda a hannu da na mutum guda mai ɓacin rai.

KADA A SA GUBA

Waɗansu in kura ko zaki ya kashe musu saniya sukan zuba maganin ƙwari a mushen. Wannan mugun abu ne, doka kuma ta hana. Gubar ba ta zaɓe. Takan kashe ungulaye da yawa a tashi ɗaya, ta kashe karnukan gari, ruwan sama ya wanke ta zuwa cikin kogin da muke sha muke kuma kamun kifi. Tarkon waya ma haka yake. Zakin da ya kuɓuce wa tarko da gurguwar ƙafa ba zai ƙara kama gwanki ba, akuya zai nema, daga akuya sai mai akuya. Idan dabba ta riga ta zama mai kisa, hukuma ce za ta ba da izini, masu sanin aikin su yi shi.

AMANA CE

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana Dawuda tun yana saurayi yana kiwon tumakin ubansa, zaki ya ɗauki ɗan rago, ya bi shi ya ƙwace. Makiyayi na kirki ba ya barin abin da aka ba shi amana. Ran mutum ya fi na kowace dabba daraja, ba mu da shakka a kan wannan, kuma ba laifi ba ne mutum ya kāre iyalinsa da abincinsu. Amma littafin Farawa ya koya mana cewa Allah ya sa mutum cikin gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Zaki da dorina halittarsa ne, ba mu muka yi su ba. Idan muka ƙarar da gwanki da mariya da gada a daji, muka kora shanu cikin gandun da aka keɓe, muka nome ciyawar gaɓa har bakin ruwa, mu ne muka buɗe ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Wannan aiki kuma ba na Kirista kaɗai ba ne. Dorina ba ta tambayar gonar wane ne kafin ta shiga. Ku gayyaci maƙwabtanku Musulmi, da Sarkawa, da Fulanin da ke kiwo kusa da ku, ku zauna tare da mai gari ku tsara abin da za a yi kafin shukar bana.

DOMIN TAUTAUNAWA A TARON ƘUNGIYA

1. Wace dabba ce ta fi yi mana ɓarna bara, a wane wata, a waɗanne gonaki?
2. Su wane ne cikinmu suke kwana a gona su kaɗai? Yaya za mu tsara tsaro bi da bi?
3. Ina hanyoyin dorina suke a gaɓarmu, kuma gonar wa ke kan hanyar? In ya bar wurin, ina ƙungiya za ta sama masa wani?
4. Nawa za mu keɓe daga asusu domin tocila da rigunan ruwa, da kuma taimakon ɗan'uwan da aka cinye wa gona?

Ku aiko mana da abin da kuka shirya, da dabarun da kuka gwada suka yi amfani, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru. Allah ya tsare fitarmu da shigarmu, ya ba mu damina mai albarka. Amin.